Maman Yona Mai Bargon Ƙyallaye

Kafin jiniyar reluwe ta kira ma'aikata, Alisabatu Gaiya ta riga ta share tsakar gidanta a Ƙetaren Gwari, ta yi addu'a, ta ɗora koko a wuta. Daga nan sai ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta fito da keken ɗinkinta, irin wanda ake juyawa da hannu, ta ɗora shi a kan wani gajeren tebur da mijinta Andrawus ya haɗa mata da katakon akwati. Haka take tun da suka zo Minna daga kudancin Zariya, shi yana aikin tasha, ita tana ɗinka wa matan unguwa riga da zane. Ban da mijinta, ba mai kiranta da sunanta. Maman Yona ake ce mata, da sunan ɗanta na fari.

Ɗinkin riga da zane shi ne sana'arta, amma ba don shi Minna za ta riƙa tunawa da ita ba. Idan rana ta yi sanyi takan ɗauki buhu ta nufi kasuwa, rumfar Malam Yisa tela, wanda yake tara mata guntayen yadin da almakashinsa ya zubar.

"Maman Yona, ga tarkacenki. Da ba don ke ba da tuni na cinna masa wuta."

"Allah ya hana ka, Malam Yisa. Ka ƙara mini da shuɗin nan da ke ƙarƙashin ƙafarka."

Idan ta kawo su gida ta wanke, ta shanya, ta goge da dutsen guga, sannan ta zauna tana zaɓe. Atamfa gefe guda, kaki gefe guda, farin akoko gefe guda. Ta yanka su daidai da juna, ta haɗa wannan da wancan a keke har su zama faffaɗan zane. Sai ta shimfiɗa auduga siririya a tsakiya, wadda ake kawo mata daga Kuta, ta yi masa shafi da akoko, ta bi shi da ɗinkin hannu layi-layi don kada audugar ta dunƙule idan an wanke. Bargo ɗaya yakan cinye mata watanni, domin sai ta sallami masu riga take taɓa shi.

Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Na kyautar Kirsimeti ne. Andrawus ya sami matashin kai, 'yarta Rose ta sami jakar littattafai, dangin da ke ƙauye a aika musu da rigunan yara. Babban aikin shekara kuwa, na malamin makaranta ne. Ita ba ta taɓa zama a aji ba. Ranar da Yona ya dawo gida ya karanta mata Zabura da bakinsa, sai da ta juya baya ta share ido da bakin zane. Tun daga ranar ta ɗaukar wa kanta cewa duk malamin da ya koyar da ɗanta, sai ya sa abin da hannunta ya ɗinka.

Wanda ya fara samu shi ne Malam Gimba, wanda ya koya wa Yona karatu. Da yake Musulmi ne, ba ta sa shi jiran Kirsimeti ba. Ana gobe Sallah ta kai masa falmaran mai auduga a ciki, bayanta baƙin yadi, cikinta ƙyallaye launi-launi. Malam Gimba ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce shi tun da ya fara koyarwa, iyayen yara ba sa zuwa wurinsa sai da ƙara.

"Ke ce kika fara zuwa da godiya, Maman Yona," in ji shi.

A shekarar 1966, malamar ajin Rose wata yarinyar mace ce daga Gabas, Malama Theresa, tana goyon ɗanta na fari. Alisabatu ta lura cewa da tsohon zane ɗaya take lulluɓe jaririn, don haka tun farkon damina ta fara haɗa mata bargo. Ta zaɓo ƙyallaye masu laushi, ta ƙi sa kaki don kada ya goge fatar yaro. Gefe uku sun samu kalmasa, saura na huɗu, sai ƙasa ta rikice. Waɗanda suka ga wannan lokaci ba sa son a tuna musu. Mutanen Gabas da aka yi shekaru ana cin kasuwa ɗaya da su suka shiga ɗaure kaya, kowa na neman hanyar garinsu.

Wata hantsi Andrawus ya shigo gida da gumi.

"Yau jirgi zai kwashe su. Na ga malamar Rose a tasha, ita da yaron."

Alisabatu ta miƙe ta fara naɗe bargon.

"Ina za ki?"

"Tasha."

"Alisabatu, gari ba lafiya. Wanda duk aka gani tare da su, ana sa masa ido. Ki tuna kina da 'ya'ya."

"Na tuna, Maigida. Ita ma tana da ɗa."

Ya tsaya yana kallonta ta soka allura a gefen bargon, ta ƙulle zare a bakin zane. Da ya ga ba za ta fasa ba, sai ya ɗauki hularsa ya bi bayanta.

Malam Yisa ya ga wucewarta ta bakin kasuwa, kuma shi ya ba ni wannan labari. Ya ce wasu samari sun yi mata ihu, suna tambayarta ko ita ma tafiya za ta yi. Ba ta waiwaya ba. Ya ce ya gani da idonsa, ko sauri ba ta rage ba.

Tasha ta cika maƙil. Mata zaune a kan ƙunshin kaya, yara na kuka, maza sun yi jugum. Ta yi ta kutsawa har ta iske Malama Theresa a jikin bango, ta rungume jaririn, ba ta da komai sai ƙaramin akwati. Alisabatu ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta warware bargon a cinyarta, ta kama kalmasar gefen da ya rage.

Malamar ta dube ta kamar ba ta gane ta ba. Can ta ce, da Hausarta ta 'yan koyo, "Mama, Kirsimeti bai zo ba."

"Na sani, Malama. Naki ne ya zo da wuri."

"Ki koma gida, Mama. Za su yi miki magana."

"Sun riga sun yi. Riƙe mini nan."

Malama Theresa ta riƙe mata gefen da hannu ɗaya, hawaye na zuba a kan ƙyallayen, ita kuwa allura na shiga tana fita. Ba ta kai ƙarshe ba jirgi ya yi kuka, mutane suka ruɗe suna turereniya a ƙofar tarago. Alisabatu ta karɓi jaririn, ta naɗe shi a bargon, ta miƙa wa uwarsa.

"Saura kaɗan. Na bar miki allurar a can ƙasa, nesa da jikinsa. Idan kin isa ki ƙarasa."

Andrawus ne ya tura musu akwatin ta taga. Suka tsaya har hayaƙin jirgin ya ɓace. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Malama Theresa ba. Har gobe Alisabatu ba ta san ko sun isa ba, ko yaron ya rayu. Abin da na sani shi ne ba ta taɓa tashi daga addu'ar safe ba tare da ta ambace su ba.

Shekara ta zagayo, yaƙi ya ɓarke. Yona yana koyon aikin ƙarfe a reluwe a lokacin, saurayi dogo mai yawan dariya. Ya zo ya durƙusa gaban iyayensa ya ce ya ba da sunansa a soja. Uwarsa ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta dai ɗinka masa 'yar jakar da zai riƙa sa sabulu da reza, ta raka shi tasha.

Bai dawo ba. Wani abokinsa mai suna Ayuba, wanda aka sallamo da rauni a ƙafa, shi ya zo har gida a daminar 1968 ya faɗa musu. Ya ce yana wurin, ya ce an binne shi, an yi masa addu'a. Alisabatu ta saurara har ƙarshe, ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi ƙafarsa. Bayan ya tafi ta shiga ɗaki ta lulluɓe keken ɗinkin da zane, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata mata da ta kasa riƙe bakinta. Ta ce a gaban jama'a, "Kin gani ko, Maman Yona? Kin kai musu bargo har tasha, ga abin da suka saka miki da shi."

Alisabatu ta ɗago kai ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Jaririn da na lulluɓe, shi ne ya harbi Yona?"

Ba wanda ya ƙara ɗaga wannan magana a gidan.

Amma keke ya zauna a ƙarƙashin gado. Damina ta wuce, aka shiga kaka. Malam Yisa ya tara ƙyallaye har buhu ya cika, ya aiko da shi, aka jingine a bayan ƙofa ba a kwance ba. Ta rame. Takan zauna a gindin mangwaro hannuwanta a cinya, tun safe har inuwa ta juya. Andrawus, wanda shi ma abin na cinsa, ya fara tsoron kada ya rasa biyu.

Ana cikin haka Malam Gimba ya zo. An mayar da shi wata makaranta a Kuta, labarin bai kai masa da wuri ba. Ya tsufa, ya sha hanya a kan keke. Ya zauna a bakin tabarma ya yi ta'aziyya, ya ce Yona yaro ne mai ladabi, ya ce har yanzu yana tuna yadda yake lanƙwasa harshe idan yana rubutu.

Alisabatu ba fuskarsa take kallo ba. Falmaran ɗin nan ce a jikinsa, ta koɗe, kafaɗar ta yage, auduga ta leƙo.

"Malam, tun yaushe ta yage?"

"Ta daɗe, Maman Yona. Na ƙi ba wani tela ya taɓa ta."

Ta sake duban kafaɗar. Sannan ta miƙa hannu.

"Tuɓe ta."

Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar jan abu daga ƙarƙashin gado. Andrawus ya ce shi a ranar ya yi kukan da bai yi ba tun zuwan Ayuba. Ta kwance buhun Malam Yisa, ta nemo baƙin ƙyalle, ta yi wa kafaɗar faci, hawayenta na ɗiga a kan keke. Malam Gimba ya koma Kuta da falmaran ɗinsa a jiki.

Kirsimetin wannan shekara ba ta yi babban bargo ba, lokaci ya ƙure. Ƙananan riguna ta ɗinka, ta bi gidajen da ta san uba ya tafi yaƙi bai dawo ba, na Kirista da na Musulmi, ta ajiye wa yaran. Da matan Zumunta na coci suka gani, sai suka fara zuwa da alluransu suna zama a tabarmarta. Ta koya musu yanka da haɗi da shimfiɗa auduga. Shekarar da ta biyo baya malamin Rose ya sami bargonsa, kuma bayan Rose ta gama makaranta ba ta daina ba. Ta ce ai malaman ba su daina koyarwa ba.

Bana, 1973, yanar ido ta rufe mata gani. Ba ta bambance shuɗi da baƙi, ba ta ganin layin keke. Ta ba Rose keken da hannunta, ta ce ta riƙa sa masa mai. Wannan ne Kirsimeti na farko da ba za a ji ƙararsa a gindin mangwaron nan ba.

Maman Yona, ke ce kika tsince abin da aka zubar kika mai da shi abin rufa. Ke ce kika ratsa gari a ranar da maza suka kulle ƙofa. An karɓe miki ɗa, ba ki bari an karɓe miki zuciya ba. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ba a rataya miki komai a wuya ba, amma akwai malamai daga Minna har Kuta da suke kwana da aikin hannunki a jikinsu, akwai marayun da suka fita ranar biki da sabuwar riga saboda ke. Mun gode. Ubangiji ya saka miki, ya jiƙan Yona, ya sa waɗanda kika raka tasha sun isa gida lafiya.

Ku kuma da kuke karanta wannan, biki ya kusa. Kowannenku akwai malamin da ya koya masa riƙe alli, kuma da yawansu suna nan da rai, ba wanda ya taɓa komawa ya ce musu sannu. Ba sai kun iya bargo ba. Ku ɗinka ko da hula ce, ko jakar hannu, ku kai da ƙafarku.

Idan kuma hanya ta bi da ku Ƙetaren Gwari, ku shiga ku gaishe ta. Za ku same ta a kan tabarma da ƙyalle a cinya, domin yatsunta ba su manta kalmasa ba, da lalube take yi. Abu ɗaya ne ya gagare ta, kuma ba za ta roƙe ku ba. Ku zauna kusa da ita, ku karɓi allurar, ku zura mata zare.