Na Sallama wa Wanda Ban Taɓa Gani Ba

Dabbab ake ce masa a nan Makka, babur ne mai ƙafa huɗu da ake hawa cikin rairayi. Nawa ja ne, ko in ce a da ja ne, don rana ta cinye fentin har ya koma kalar bulo. Da shi na ciyar da gida shekaru. Ranakun hutu in la'asar ta yi, sai mu ɗora shi a bayan a-kori-kurar wani abokina ɗan Damagaram, mu fita bayan gari inda iyalai ke shimfiɗa darduma suna shan shayi. 'Ya'yansu su hau su zaga, ni ina binsu a guje ina ihu kada su kife. Daga baya abokin ya koma gida, bayana kuma ya fara ciwo. Na tura dabbab cikin ɗakin ƙasa na gidan da muke haya a unguwar Hindawiyya, na lulluɓe shi da tsohon bargo, na koma tsaron shagon wani.

Yana nan a ajiye har ranar da surukata, wadda ke zaune tare da mu a sama, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki. Likita ya ce ta kusa fitowa, amma ita da hawa bene har abada. Matakalar gidanmu kuwa a tsaye take kamar tsani. Ɗakin ƙasa kaɗai ya rage, kuma dabbab ya cinye shi.

Matata ta ce, "Umma da babur za ta kwana?"

Na ce zan fitar da shi.

"Ka kai shi ina?"

In na bar shi a lungu, ko yara su kwance shi ko motar baladiyya, wato hukumar gari, ta ɗauke, kuma keken marasa lafiya ba zai sami hanya ba. Ta ce a sayar ta waya kamar yadda kowa ke yi yanzu. Ita a nan aka haife ta, ta yi makaranta, tana karanta Larabci. Ni Larabcin baki gare ni, na kasuwa, rubutu sai in haɗa baƙi da ƙyar. Ita ta ɗauki hotuna tana mitar ban ko kakkaɓe ƙurar ba, ita ta sa tallan a shafin da ake sayar da tsofaffin kaya, ta sa lambata a ƙasa. Ta ce a can ba a faɗin farashi, mutane ne ke tayawa a ƙarƙashin hoto, kowa na ganin tayin kowa.

Na ce ai wannan kasuwa ce, na san ta. Mahaifina dillalin tumaki ne a garinmu, a gindinsa na tashi.

Ban san ta ba. Wani ya taya kuɗin da ko fanka ba za su saya ba. Wani ya ce a yi musaya da tantabaru. Wani ya rubuta yana tambaya ko akwai na'urar sanyi a ciki, wasu suka bi shi da dariya. Waya kuwa ba ta huta ba, ina alwala tana ƙara, ina auna wa mutane shinkafa tana ƙara. Babu mai gaisuwa, sai dai a kira ka ammi, wato baffa. "Ya ammi, ƙarshen magana nawa?" In ka faɗa, sai ka ji ɗif, ya kashe. A kasuwarmu ko tayin wulaƙanci aka yi maka, ka ce albarka, mutum ya kalle ka ka kalle shi, a rabu. Nan ba ka ma san wa ka ce wa albarka ba.

Ana haka wani ya kira. Muryar babban mutum, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali. Ya ce a unguwar Rusaifa yake, 'ya'yansa maza yake so ya saya wa. Ya yi tayi mai mutunci, na ɗan ja, ya ɗan ƙara. Ya ce, "Ka riƙe mini, ya hajji. Gobe bayan la'asar ina zuwa da mota, in Allah ya yarda."

Na ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Da na ajiye wayar, ni a wajena dabbab ya bar hannuna. Haka na gani ana yi. Mahaifina in ya ce ya sallama, ko wani ya zo da ninki ba ya ko ɗaga kai, rago ya zama na mai shi, ajiya kawai muke yi. Na ce wa matata ta rubuta an sayar. Ta ce a bari tukuna ya zo. Ban ja ba, rubutun ba a hannuna yake ba.

Washegari na nemi izini a shago, na wanke dabbab tas, na hura ƙafafun, na zauna a bakin ƙofa. Aka kira magariba. Na kira shi, ya ce aiki ne ya riƙe shi, gobe. Goben ta zo, ya ce mai motar ne bai samu ba. Daga nan wayar ta riƙa shiga ba a ɗauka.

A cikin kwanakin nan na je duba surukata. Tsakanina da ita akwai kunya, ba ma doguwar magana. Na durƙusa daga bakin gado na gaishe ta. Ta ce, "An ce ana gyara mini ɗaki."

Na ce, "Ana kai, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi albarka," ta juya fuska ga bango.

Da na dawo na tarar da a-kori-kura a bakin lungu, da katakai biyu na hawar da kaya a bayanta. Wani Bahaushe ne haifaffen unguwar Utaibiyya, ƙaƙƙarfa, mai kamar shekara talatin da wani abu, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce hayar dabbab yake bayarwa a bakin teku a Jidda, ya ga tallan, ya rubuta, aka yi masa kwatance. Na san wa ta yi masa.

"Kawu, tada shi in ji."

Na tada. Ya durƙusa ya saurara, ya leƙa ƙasa, ya girgiza ƙafafun. Ya miƙe ya faɗi kuɗinsa, har sun ɗan fi na mutumin Rusaifa. Ya ce yanzu zai ɗauka.

Na ce, "Na riga na sayar."

"To me yake yi a nan?"

"Mai shi bai zo ba."

"Ya ba da kafin alƙalami?"

"Ya ba da magana, na ba da tawa."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Kawu, maganar waya? Wallahi ni kaina yau da safe na ce wa wasu su riƙe mini, kuma ba inda za ni. Kowa haka yake yi."

"Ni ba haka nake yi ba."

Matata ta kira ni daga kan matakala. Na hau, ta rage murya don kada baƙo ya ji.

"Mutumin nan ko fuskarsa ba ka sani ba."

"Na san abin da bakina ya faɗa."

"Bakinka ya faɗa, Umma ce za ta biya. Ga mota a ƙofa, ga mai saye a tsaye. Me kake so, ya durƙusa?"

"In wancan ya zo gobe da 'ya'yansa, in ce masa me?"

"Ka ce masa goben ta yi yawa."

Na sauko na ba mutumin haƙuri. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Halas, Kawu, Allah ya kawo mai shi." Ya ja motarsa da baya har ya fita lungun. A ranar an ajiye mini abinci, amma ba a yi mini magana ba.

Har yau ban ce na yi laifi ba. Abin da na sayar na sayar. Sai dai ban yi barci mai daɗi ba a kwanakin, wannan gaskiya ne.

Da aka sanar da mu cewa gobe da hantsi za a fito da surukata, sai na ari wayar mai shagonmu na kira mutumin Rusaifa da lambar da bai sani ba. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na gaishe shi, na ce mai dabbab ne.

"Wane dabbab?"

"Ja. Na Hindawiyya. Wanda na sallama maka."

Ya ce, "Af, ya hajji! Ai yaran sun canza ra'ayi, wasan talabijin suke so yanzu."

Na ce, "To ka sake ni?"

"In sake ka daga me?"

"Daga cinikin."

"Subhanallah. Ya hajji, kayanka ne, ka sayar wa wanda ka ga dama." Ina jin yana gaya wa wani a gefensa, suna dariya, kafin ya kashe.

Na nemi lambar ɗan Utaibiyya wajen matata. Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba. Ya ce ya riga ya sayi wani a Jidda, ya yi mini fatan alheri. Tallan namu kuwa ya nutse ƙarƙashin sababbi, babu mai kira kuma, har masu tantabaru sun daina.

Ƙanin matata ne ya kawo wani mai sayen tsofaffin injuna don kayan gyara. Da sassafe mutumin ya zo da akwatin sufana. Bai ce in tada ba, bai damu da ko yana tashi ba. Ya faɗi abin da zai bayar, kuɗin ƙarfe ne kawai, ya san ba ni da zaɓi. Na ce ya ɗauka. Motarsa ƙarama ce, don haka a nan bakin ƙofa ya kwance shi. Ya cire ƙafafun, ya sauke injin, ya naɗe wayoyin a hannu kamar igiyar shanya. Kujerar da yaran mutane suka yi ta zama a kai ya ce ba ya so, ya bar mini ita a jikin bango.

Inda dabbab ya tsaya duk shekarun nan, baƙin mai ya shiga siminti. Na zuba garin sabulu da yashi, na durƙusa ina gurzawa, bayana na sara. Matata ta sauko da kaskon turare ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ita da ƙaninta suka shigo da gado, suka tafi asibiti. Ina kan gurzawa na ji tsayuwar tasi.

Aka turo surukata a keke ta cikin lungu. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta shaƙi iska, ta dubi bango, ta dubi silin, ta dubi hannuwana.

"Warin tasha," ta ce. "Ku bar ƙofar a buɗe."

Aka kwantar da ita, matata na gyara mata matashi. Na tsaya daga waje kamar yadda na saba. Can surukata ta ce, ba tare da ta kira ni ba, "Kai ka goge?"

"Ni ne, Inna."

"Akwai saura a can kusurwa."

Na ɗauki bokiti na koma famfo.