Farin Ƙuda da Kajin Baban Sae

Babana yana ba da dashen tumatir kyauta ga duk wanda ya zo, amma bai taɓa ba wani mahaluki ƙwayar irin ba. Irin nan kakanmu ne ya ƙetaro da shi daga kudu, can ƙasar Katsina, lokacin da ya zo ya zauna a Cadawa. Tumatir ne ƙanana masu tsaga-tsaga, ga ɗan karen tsami, in aka shanya su aka yi kauɗa, guda uku sun ishi tukunya. Kowace shekara Baba zai zaɓi waɗanda suka fi nuna, ya matse, ya wanke ƴaƴan, ya cuɗa da toka, ya ƙulle a tsumma ya rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsa.

Da an gama kaka sai ya gyara fangali uku kusa da rijiyar lambunmu ya yafa irin. Bayan kamar wata guda mutane su fara zuwa da kwanduna. Shi kuwa yana zaune a kan wani kututturen gawo, a gaisa, ya tambayi kowa iyalinsa har da jakinsa, sannan ya tashi ya tuge dashen da hannunsa. Sai da na girma na gane dabarar tsohon. Wanda ka ba iri ya tafi ke nan, wanda ka ba dashe kuwa dole baɗi ya dawo. Makonnin nan su ne sallarsa ta uku.

Wanda ba ya fashi shi ne taubashinsa, da muke ce wa Baban Sae saboda a Sae Sabuwa yake zaune. Asalin gidansu tsohon gida ne na Tibiri, kuma ba ya bari a manta da haka. Da can a amalanke yake zuwa, daga baya ya koma hawan moto, wato babur, kwando ɗaure a baya. Tun daga nesa zai ɗaga murya: “Ina baƙon nan? Halan ba ka koma garinku ba har yanzu?” Baba, wanda aka yanke wa cibiya a Cadawa, sai ya ce, “Ga mai gari nan ya zo roƙo wurin baƙo.”

Ina koyarwa a lakol, makarantar boko, shekarar da tumatir ya lalace. Ganye ya nannaɗe sama kamar cokali, bakinsa ya yi rawaya, itacen ya tsaya cak bai ƙara tsawo ba, fure kuma ya kakkaɓe. Ba lambunmu kaɗai ba, ko'ina haka. Ana cikin wannan aka yi wani suna, Baban Sae ya zo, ya saki wasansa a gaban jama'a: “Ni dama na sani, irin baƙi komi daɗewa sai ya nuna hali.” Aka yi dariya. Amma wasu sun tafi gida da maganar. Suka duba suka ga duk lambun da ya kamu, dashen Baba ne a ciki. To, ina lambun da ba dashen Baba ba a wannan yankin? Wannan kam ba wanda ya tsaya ya tambaya.

Rannan na iske Baba a madafa da rana tsaka, ya sauko da tsumman yana juya shi a hannu, murhu na ci.

“Mushe,” ya ce, don haka ake ce wa malamin lakol, haka kuma yake kirana tun da na fara koyarwa, “in abin ga shi ne ya cuci mutane, wuta za shi.”

Na roƙe shi ya ba ni lokaci in bincika. Ya ce ya ba ni zuwa kaka.

Ni dama mutum ne mai son bin diddigi, matata ta ce ko kiyashi na gani sai na san gidansu. Na ari gilashin ƙara girman abu da muke nuna wa ɗalibai ƙafar fara da shi, na shiga lambu. Ina girgiza wani itace sai wani farin abu ya tashi buu, kamar an busa garin gero, ya sake sauka. Na juya ganye na kafa gilashi. Ashe ƙuda ne, bai kai ƙwayar riɗi ba, fari fat, da ƴan fukafukansa a kife kamar jinka. Kusa da shi ga ƙwai jere, ga wasu ƴan abubuwa shafaffu manne da ganyen ba sa motsi, ganyen kuma yana danƙo da darɓa. Na yi shekaru ina wuce wannan halitta ban taɓa yi mata kallo biyu ba.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Na same shi a kuɓewa, na same shi a tattasai, a rogon maƙwabcinmu, har a ciyawar bakin rijiya. Ranar da ba lakol na cusa ganye a kwalba na hau motar Gazawa, wurin wani malamin gona da muka yi karatu tare.

Ya ce farin ƙuda ne, kuma shi ke ɗaukar ciwon daga itace zuwa itace da bakinsa, yadda sauro ke yi da zazzaɓi. Na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai: ɗan ƙasa ne ko baƙo?

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce ai ba iri ɗaya ba ne, dangi ne masu yawa da suka yi kama kamar an tsaga kara. Wasu tun fil'azal suna nan ƙasashenmu, wasu kuwa daga gabas suka biyo kayan shuka da ake fatauci, suka bazu duniya. Waɗannan sun fi saurin hayayyafa, kuma feshi bai cika kashe su ba. Wasu dangin ma ba sa aure da juna ko sun kwana a ganye ɗaya. Ido ba ya raba su, gilashina ma ba ya iyawa, sai an niƙa ƙudan a ɗakin bincike an karanta gadon halittar da ke jikinsa.

“To na lambunmu fa, wane ne?”

“Wallahi ban sani ba,” in ji shi. “Wataƙila duka biyun.”

Har yau wannan amsa tana yi mini ƙaiƙayi. Abu bai kai riɗi ba, amma yana da asali da dangi da tarihin ƙaura, kamar mu.

Sai ya zo kan maganar Baba. Ya ce a iya saninsa ciwon ba ya bin busasshiyar ƙwayar iri. Dashe dai yana ɗaukarsa, yana kuma ɗaukar ƙwan ƙudan a bayan ganye, duk inda aka kai shi.

Na dawo da labari biyu, na faɗi mai daɗin da sauri: iri lafiya lau yake. Na biyun kuwa na tsaya ina kewaye-kewaye. Baba ya dube ni ya ce, “Ƙarasa.” Na ƙarasa. Sai ya ce, “Ashe kwandona ne ya kai shi Sae.”

Da kaka ta zo ya ce in kawo masa tsofaffin littattafan ɗalibaina. Ya yayyage su, ya zuba iri kaɗan-kaɗan, ya ƙuƙƙulle, ya bi gida-gida da ƙafarsa yana rabawa. Ya ce kowa ya yi renonsa a lambunsa, a rufe da ƙyalle marar kauri. Mun gwada gidan sauro tukuna, na zauna da gilashi na ga ƙudan yana ratsa ramukan hankalinsa kwance. Tsohon mayafin Inna ne ya tare shi. Mutane suka yi ta godiya, sunan Baba ya wanku. Ni kaɗai na san abin da ya bayar.

Da lokacin dashe ya zagayo, ba wanda ya zo. Me zai kawo su, kowa da irinsa? Baba ya yi fangali ɗaya tak, ya rufe da mayafin. Kullum da hantsi sai ya zauna a kan kututturen yana kallon hanya, wai yana shan iska. Tausayinsa ya hana ni zuwa lambu kwana biyu.

Rana ta uku na je, sai ga ƙarar moto, ga kwando a baya.

“Baƙo! Tashi ka ba ni dashe.”

“Ina irin da na ba ka?”

“Kaji sunka cinye shi. Na aje bisa tabarma, kahin in juyo babu ko ɗaya.”

Baba ya zage shi tas, ya ce mai gari guda ya kasa tsare ƙullin takarda. Amma kafin ya rufe baki ya riga ya ɗage mayafin. Ya karɓi gilashina, ya duba bayan kowane ganye ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa a kwando, aikin da ya cinye musu yini, suna yi suna tsiya. Da zai tafi ya ƙara masa wani ƙullin iri, ya ce saura ya sake ba kaji.

Baɗi ma kaji suka cinye. Haka shekara huɗu.

Baba ya rasu da damina. Bayan an share makoki na shiga madafa na sauko da tsumman, na tarar ba komai sai toka, ashe rashin lafiya ta hana shi cire iri a shekarar. Na zagaya wurin waɗanda ya ba, na ga duk sun gauraya shi da irin kanti, tumatirinsu ya zama wani abu dabam. Na haƙura. Da na je Sae yi wa tsohon bangajiya, ban ma ta da maganar ba.

Ina shirin tashi ya ce in dakata. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya ajiye a gabana. Ƙulli biyar ne a ciki, ba wanda aka kwance. A jikin ɗaya ina ganin jan birona inda na gyara wa wani ɗalibi lissafi.

“Baba, kajin fa?”

“Kai ma dai,” ya ce, yana goge ido da bakin rawaninsa. “Yaushe ka taɓa ganin kaza gidan ga?”