Tsoho Mai Jirgi a Bayan Omdurman

Ina da shekara talatin da huɗu na bar matata da 'ya'yana biyu a Gusau, na tafi Khartoum ƙarin karatu. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki a can ba, kowa yana magana da rabin murya. Ɗaliban da na tarar sun yi mini ƙanƙanta, malaman kuma sun yi mini nisa. Ranar Juma'a ta fi kowace rana tsawo. Idan an sauko daga masallaci sai in hau bas in haye gada zuwa Omdurman, in zauna har tashar ƙarshe, in sauka in yi ta tafiya a ƙasa.

A irin wannan yawo ne na ji wani kuka kamar na zuma a cikin tulu. Na ɗaga kai, sai ga jirgi mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana tafe a hankali. Na ɗauka na gaske ne can nesa, sai da ya sauko ya gangara kan tsandauri ya tsaya gaban wani tsoho, na ga bai fi tsawon hannuna ba.

Na yi masa sallama da Larabci, ya amsa bai dube ni ba. Ya durƙusa ya kaɗa farfelar da yatsa don ya sake tayar da injin, sai ta sare shi.

"Wayyo Allah!" in ji shi.

"Baba, Bahaushe ne kai?"

Ya tsotsi yatsan ya ƙare mini kallo. "Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan. Kai fa, ya ustaz?"

Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanni, ga Larabci yana leƙowa ta kowace kusurwa. A Mayo, wata unguwa a kudancin Khartoum, yake zaune. Ya yi shekaru yana gyaran injin jiragen sama kafin ya yi ritaya. Ƙaramin jirgin kuwa da hannunsa ya ƙera shi, da wani katako mara nauyi, ya lulluɓe shi da siliki, ya shafa masa launin rawaya daidai da na jirgin koyon tuƙi da ya fara taɓawa yana saurayi. Har matuƙi ya sassaƙa ya zaunar a ciki. Man ma shi yake haɗawa, da man zurma, shi ya sa hayaƙin ke ƙamshi kamar ana suya.

Na riƙa komawa duk Juma'a. Ba ma yawan magana. Yakan riƙe akwatin rediyon sarrafa jirgin mai doguwar eriya, manyan yatsunsa a kan sanduna biyu, ni kuma in tsaya daga hagunsa. Ba ya yarda jirgin ya yi tsalle sama. Sai ya kai shi ƙarshen fili, ya juya hancinsa ga iska, ya bar shi ya yi gudu mai nisa, sannan ya ɗaga.

"Kowa zai iya sa shi ya wuntsila," ya ce mini wata rana. "Wahalar ita ce mai kallo ya yarda akwai mutum a ciki, kuma mutumin yana son ya koma gida."

A da, su bakwai ne masu wannan wasa suke haɗuwa a filin. Uku sun tafi Jidda neman aiki, biyu sun rasu, ɗaya ya daina fita tun da aka fara tsare motoci ana bincike.

Wata Juma'a jirgin yana sama sai ga mota a-kori-kura ta taso da ƙura. Mutum biyu suka fito, ba kaki a jikinsu. Suka jira har ya saukar da shi, ɗayansu ma yana murmushi. Sannan suka tambayi takardar izinin rediyon. Ya ce ya fi shekara ashirin yana wannan wasa ba a taɓa tambayarsa ba. Suka karɓi akwatin cikin ladabi, suka ce ya je ofis. Ni kuwa na tsaya gefe ina kallo. Baƙo ne ni, takardar zamana tana aljihu, ita kaɗai nake ji a jikina. Har yau abin yana damuna.

Ya je ofishin sau uku, kullum a ce ya dawo. Duk da haka Juma'a biyu ya zo filin da jirgin a hammata. Ya zuba mai, ya tayar da injin, ya riƙe wutsiyar da hannu har man ya ƙare. Sannan ya goge shi da tsumma, muka taka zuwa tasha. Juma'a ta uku bai zo ba, ta huɗu ma haka.

Na tafi Mayo nemansa. Sai a can na tuna ban san sunansa ba, Baba kawai nake kiransa. Wata mai sayar da shayi ce ta gane kwatancena, ta nuna mini wani gidan ƙasa. 'Yarsa ta fito, mace mai kimanin shekaruna.

"Malam, ai ya koma garin Sinnar wurin yayana. Ya ce zaman nan ya ishe shi."

Ta kawo mini zoɓo mai sanyi, ta buɗe ɗakinsa. Jirgin yana rataye da igiya a jikin azara. Ta ce an hana shi shiga bas da shi saboda fukafukan.

Na koma makaranta kafin magariba, na zauna na rubuta wa matata wasiƙa. Na ba ta labarin zafi, da jarrabawa, da tsadar tumatir. Maganar tsohon kuwa ban sa ba, don ban san ta inda zan fara ba.