Gidan Tanti Tabita a Bobiyel

Tabita ungozoma ce, ƴar Dogondutsi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa, farko a garinsu, daga baya a Yamai. A unguwar Lazare kowa Tanti yake ce mata, har matan da suka girme ta. Mijinta Elisha malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya rasu ya bar mata fili guda can a garinsu da kwalin littattafai.

Ba ta taɓa yarda da banki ba. Da ta aje aiki sai ta sayar da filin, ta haɗa da kuɗin adashe da abin da gwamnati ta sallame ta da shi, ta zuba a jakar da take zuwa majami'a da ita. Da wannan jaka ta sayi gida a unguwar Bobiyel, kuɗi hannu, rana ɗaya. Gidan haya ne mai ɗaki shida a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kowane ɗaki jika ashirin a wata, wato sefa dubu ashirin. Akwai tela a ciki, da ɗalibai biyu daga Tawa, da wata Nana mai sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogale, a bakin titi. Ba arziki ba ne, amma ya ishe ta cefane da magani.

Dillalin da ya samo mata gidan sunansa Hamisu. Wata rana ya same ta tana shan iska a ƙofa, ya tsuguna ya gaishe ta.

"Tanti, kin zuba miliyoyi kina tsintar tsaba," in ji shi. "Ki rushe ɗakunan nan ki yi gida guda na zamani, da daɓen karo mai sheƙi a ƙasa da na'urar sanyi. Baƙin ƙungiyoyin agaji suna biyan jika ɗari huɗu a wata, wata shida gaba ɗaya."

"To mutanen da ke ciki fa?"

"Yamai faɗi gare ta, Tanti. Za su samu wani wuri."

Ba ƙarya ya yi mata ba. Ya ɗauke ta a kan babur ya nuna mata gidaje uku a layin, kowanne da farar mota a ƙofa. Ta yi sati biyu tana juya maganar, sannan ta ba ƴan haya wa'adin wata uku. Ranar da Nana ke ɗora tukwanenta a amalanke, ta ce, "Tanti, ke kika karɓi haihuwar ɗana na biyu, kin tuna?" Tabita ta tuna. Sai ta kama mata ɗaure kaya.

Ginin ya ci wata goma, ya cinye sauran kuɗin har da ƴan kunnen zinarin aurenta. Da aka gama kuwa, wata baƙuwa mai aiki da ƙungiyar agaji ta kama gidan, ta biya ba ciniki. Tabita ta kai baiko majami'a, ta ɗinka atamfa biyu.

Wata bakwai baƙuwar ta zauna. A damanar 2023 al'amuran ƙasa suka juya, baƙi suka dinga haɗa kayansu. Direban matar ne ya kawo makulli, da ƴar takardar godiya.

Tun daga nan gidan bai sake samun ɗan haya ba. Hamisu ya kawo masu dubawa sun fi goma. Wani Abdulhakim, ma'aikacin gwamnati daga Damagaram, ya zagaya ko'ina, ya yaba, ya taya jika tamanin.

"Wallahi Tanti, iya abin da albashina ya ba ni ke nan," ya ce.

Ta so ta karɓa. Hamisu ya ja ta gefe ya ce in ta karya farashi sau ɗaya ba zai sake tashi ba, ta ƙara haƙuri. Ta yi haƙurin. Bayan wata huɗu ta aika a nemo Abdulhakim, aka ce ya samu wani gida a layin baya, filinsa ma ya fi nata, a jika saba'in.

Ta kira magini ya duba ko za a mayar da gidan ɗakuna kamar da. Ya auna, ya faɗi kuɗin siminti da bulo, ba ta da su, ya tattara igiyarsa ya tafi. Ta sa gidan a kasuwa, masu kuɗi hannu suka taya abin da bai kai rabin wanda ta kashe ba.

Bara ta saki ɗakin da take haya a Lazare ta koma cikin gidan. Ɗaki ɗaya take kwana, sauran ukun a kulle. Ba ta taɓa kunna na'urar sanyi ba, kuɗin wuta ya fi ƙarfinta, da mafici take maganin zafi. A damanar bana rufin falo ya fara yoyo, ta jera bokiti biyu da roba. Ƙanenta Natanayel ya kira daga Dogondutsi ya ce ta rufe gidan ta dawo cikin dangi.

"In na taho, wa zai kwashe ruwan?" ta ce masa.