Badaru da Sallahun Sudan

Yayana Badaru makaniken babur ne a Birnin Kudu, rumfarsa tana bakin babban titi. Asalinmu Fagam ta ƙasar Gwaram. Sanyin halinsa har ya yi yawa, in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Ni Kubra kuwa kowa ya san ba haka aka yi ni ba.

Mahaifinmu Malam Buba ya tafi hajji a ƙasa tun Badaru bai wuce tsayin turmi ba, ni kuma ina ciki. Bai yi sallama da kowa ba. Ya fita kamar mai zuwa gona, sai daga baya aka ce an gan shi cikin ayari. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga, zama ya kama shi. Mahaifiyarmu Dada ba ta taɓa zaginsa ba, amma fitar nan ta tsaya mata a rai.

A shekarar Udoji, wani Alhaji Sada na Zandam ya dawo daga gabas, ya zo har gida. Ya ce ya ga Baba a wani ƙauye kusa da garin Madani can Sudan, ƙafafu sun kumbura, ba ya tashi, ba abin da yake cewa sai a kira masa Badaru.

"In zai je, ya gaggauta," in ji Alhaji. "Jikin nan ba na jira ba ne."

A shekarar nan ta Udoji ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa ya sayi sabon babur, har wani malamin gona ya bar wa Yaya tsohonsa. Gwaggo muke ce wa babur ɗin, don sai ta yi tari ta yi nishi kafin ta tashi. Da ita ya ce zai tafi. Na ce, "Yaya, kana da hankali kuwa? Abin da ko garin Sara nan kusa ba ya kaiwa sai an tura?" Ya ce manyan motoci sai su yi wata a Fallomi ta Chadi suna jiran lodi, ita kuwa Gwaggo ba ƙusar da bai sani ba a jikinta.

Ya kwance ta kaf a kan tabarma, ya wanke, ya mayar. Ya sa maƙeri ya ƙera mata kariyar ɗaura kaya mai faɗi da maratayar galan biyu na fetur. Ya nemo taya da sarƙa da fulogi na ko-ta-kwana, da kayan faci, da salkar ruwa. Ya je Kano ya yi fasfo, aka yi masa allura. Duk direban da ya tsaya shan shayi sai ya tsare shi da tambaya, su kuwa ba mai faɗin abu mai daɗi. Wannan ya ce ana harbe-harbe a Chadi, wancan ya ce akwai inda za ka yini ba rijiya. Amma dukkansu bakinsu ɗaya a kan damina: da zarar ruwa ya sauka bayan Fallomi, laka za ta rufe hanya sai kaka. Ni tun daga nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Farkon bazara ya gama shiri, ya zo Fagam ya durƙusa gaban Dada, ya ce jibi zai tashi. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba. Ta dubi bango ta ce:

"Yaron nan ba zai fita kamar ɓarawo ba. An yi mini sau ɗaya. Mai tafiya gabas sai ya bi dangi gida-gida ya nemi gafara."

Ya ce, "To, Dada." Wayyo, wannan "to" ta Yaya!

Danginmu kuwa sun bazu daga Zandam har Sara, har rugagen da ke bayan duwatsu. Duk gidan da ya shiga sai an yanka kaza, wanda aka yanka wa kaza kuma ba ya tafiya a ranar. Ga shi ba gidan da ba shi da wani a Sudan. Sai sallahu ya fara zubowa: ƙullin kuka, zuma a gora, tabarma, har da zanen saƙi na wata amarya da yanzu ta yi jikoki. Inna Tani ta Sara ta ce ya dakata daddawarta ta nuna, don ƙanwarta ta can ba ta cin ta kowa. Ya dakata. Kawunmu Iliyasu ya tafi da shanu kudu, aka ce ba a tsallake kawu. Ya bi shi, ya dawo da man shanu a kwalba da taya da ƙaya ta huhhuda.

Kowace safiya sai in fito in dubi gabas. Zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa yana watsewa. Ina lissafin wani tsoho da ban taɓa gani ba, yana kwance yana sauraren ƙofa, mu kuma muna nan muna jiran daddawa.

Ranar da na tarar da shi yana sauke galan ɗaya don ya sami wurin ɗaure buhun sallahu, na kasa daurewa. Na fizge igiyar.

"Yaya, kuka za ka zuba wa Gwaggo in mai ya ƙare a daji? Baba kake so ka gani ko kunyar tsofaffi kake ji?"

Idanunsa suka cika da ƙwalla. Ya ce, "Kubra, sun damƙa mini a hannu. Da wane ido zan mayar?" Tausayinsa ya kama ni, haushi bai sake ni ba. Muka mayar da galan, muka ɗaure buhun a kan tanki, har da ƙyar yake hango gabansa. Sai da wata ya juya sannan ya tashi.

Damina ta sauka, ta wuce, ba labari. Da na ji ƙarar babur sai in fito in duba. Bayan an gama girbi ya dawo a bayan babbar mota, ya rame, ba Gwaggo. A rumfarsa na same shi kafin ya isa Fagam, nan ya gaya mini. Gwaggo ta kai shi, ruwa na bin bayansa. Ya shiga ƙauyen ya tarar da mutane zazzaune a ƙofar gida ana raba waina. Sadakar bakwai ce ta Baba. Daminar da ta tsare shi a can, a rabon sallahu ya ƙarar da ita, bai bar ko ƙulli ɗaya ba. Gwaggo kuwa can ya baro ta.

Tare muka je gida. Dada ta ji rasuwar, ta yi salati, ta daɗe kanta a ƙasa. Sannan ta ce, "Yaushe Malam ya cika?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Ya daɗe, Dada. Tun kafin Alhaji Sada ya iso gida."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To. Ashe ba mu muka tsare ka ba."

Ya ce, "Ba ku ba ne, Dada."

Ni da ban taɓa iya riƙe magana ba, wannan na riƙe ta. Badaru ya koma rumfarsa, ya yi gyaran babur har idonsa ya daina ganin ƙusa. Dada ta yi shekaru bayan nan, kuma duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda yaron nan ya fita da mutuncinsa, bai tsallake gida ko ɗaya ba. Shi kuwa yana zaune a gefe yana cewa haka ne.