Karfasar Malam Sanda

Malam Sanda mutumin Funtua ne, amma Unguwar Dosa ta riƙe shi tun yana saurayi yana jan motar kaya. Kowa a layinsu ya san halinsa. In ka gaishe shi sau biyu a wuni, sai ya kwana yana tunanin abin da kake nema. Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan zargi, wato Bello, abokin tuƙinsa na tun ƙuruciya, wanda ya ajiye sitiyari ya koma ƙyanƙyasar kifi a Malali.

Da ciwon gwiwa ya hana Sanda taka kuloci, sai ya gina tankin siminti a bayan gida, ya ce shi ma karfasa zai kiwata. Bello ya kawo masa 'ya'yan kifi a jarka, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da wani gari a leda.

"Sanda, buɗe kunnenka," in ji Bello. "Waɗannan jikinsu bai gama tsayawa kan namiji ko mace ba. Garin nan za ka riƙa ba su a makonnin farko, shi zai sa kusan dukansu su tashi maza. Namiji shi ke girma. Mace kuwa in ta fara haihuwa, a baki take riƙe ƙwai, ba ta cin abinci, ga 'ya'ya su cika maka ruwa."

Sanda ya ce to. Bello na juya baya ya kwance ledar ya shinshina, warin sipirit na asibiti ya bugi hancinsa. Shi ke nan, zuciya ta samu aikin yi. Yaushe gari ya fara mai da mace namiji? In kuwa yana yi, me zai yi wa magidancin da ya ci kifin? Ya tuttule garin a kwata, ya koma ba su dusa da garin waken suya, bai ce wa kowa uffan ba.

Da watanni suka ja, tanki ya cika maƙil, sai dai babu kifin da ya kai tafin hannu. Harira mai suyar kifi a bakin titi ta zo saye. Ta cafko ɗaya ta matse bakinta, ƙwai suka zubo.

"Malam, ai gidan suna ka buɗe," ta ce tana dariya, ta ɗauki robarta ta tafi.

Dariyar nan ta ƙona Sanda. Tun da bai taɓa yarda da zancen garin ba, sai ya yanke cewa Bello ne ya zaɓo masa mata da gangan, don kada ya yi masa kishiya a sana'a. Bayan la'asar ya faɗi haka a majalisa, a gaban kowa, har da kiran Bello macuci. Kafin magariba magana ta isa Malali.

Washegari Bello ya zo, ya leƙa tankin, ya ce, "Ina garin da na ba ka?"

"Na zubar tun ran nan," in ji Sanda, har da ɗaga kai. "Ka ɗauka ban gane ba?"

Bello ya dube shi. "Wato tun ran nan," ya ce. "Ni kuma ina ta zuwa gidan nan ina cin tuwo." Ya juya ya fice.

Sanda ya bi masu kiwon kifi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, yana fatan wani ya ƙaryata Bello. Duk bakinsu ɗaya da na Bello. Kunya ta kama shi, irin wadda ke hana cin abinci. Ya wanke ƙafa ya tafi Malali ba da haƙuri.

Bello ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ya yafe, babu komai. Ya zuba masa sababbin 'ya'yan kifi, ya maimaita bayanin garin dalla-dalla, yadda yake yi wa duk baƙon da ya shigo saye.

"Allah ya sa albarka, Malam Sanda," ya ce, ya juya wurin wani mai jira.

Tun suna samari Bello bai taɓa kiransa Malam ba. Sanda ya binciki fuskarsa yana neman fushi, bai samu ba, kuma da fushin ya gani da ya fi masa sauƙi. Ya rungumi jarkarsa ya fita bakin titi neman mota.