Barmo, Telan da Ya Tare Sanyi Ta Ƙasa

Kafin shagunan titin 116 su ɗaga ƙofofinsu, Malam Barmo ya riga ya dawo daga masallaci, ya kunna fitilar keken ɗinkinsa, ya ɗora shayi. Gaban shagon shadda ce da kaftani, kamar na kowane tela a Harlem. Sai ka leƙa bayan labule za ka ga abin da ke sa baƙo ja da baya: manyan naɗi farare jingine da bango, kowanne tsawon mutum, sun yi tsit. Audugar roba ce, wadda muke kira faiba. A watan nan Barmo zai rufe shago, idonsa ya daina ganin kafar allura. Shi ya sa na ce sai na faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Wani Bature mai son kwana a daji da hunturu ne ya fara kawo masa aikin ɗinka bargo da faiba, irin masu ɗaura gadon lilo tsakanin bishiyoyi biyu su kwanta, ƙanƙara na zuba. A wurinsa Barmo ya koyi cewa gashin agwagwa ya fi ɗumi, amma da ya jiƙe ya gama amfani, ita kuwa audugar roba ko ta sha danshi tana riƙe zafin jiki. Ya koyi kada ya ratsa tsakiyarta da ɗinki, don duk inda zare ya matse ta, nan sanyi zai bi. Babban abin shi ne, wannan bargo ba rufa ake yi da shi ba. A ƙarƙashin gadon ake rataya shi, ya rungumi bayan mutum ta waje. Wanda ke reto a iska ta ƙasa sanyi ke cinsa, kuma duk abin da ya shimfiɗa ya kwanta a kai, nauyinsa zai latse shi ya zama banza.

A hunturun 2014 wata mata mai suna Tahiratu, 'yar Zongon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ta shigo shagon ba tare da yadi a hannu ba. Ta ce yayanta Gariba direban tasi ne a da. Tun ranar da ya yi hatsari, mota ta lotse da shi a ciki har sai da aka yanka ƙarfe, bai sake iya barci a ƙarƙashin rufi ba. Ɗakinta ya ƙi, gidan marasa galihu ya ƙi. Yana can cikin bishiyoyin bakin kogi a unguwar Soundview ta Bronx, a gadon lilo, ga shi rediyo na cewa sanyin da ke tafe zai yi kisa.

Barmo ya ture kaftanin biki gefe. Ya ɗinka bargon da farin yadin da ya samu a kusa, ya miƙa mata, ya ce, "Ɗiyata, ki ce mishi a ƙasa za ya rataya shi. Kar ki mance, a ƙasa."

Ta faɗa masa. Amma wa ya taɓa ganin Bahaushe an ba shi bargo ya rufa wa iska? Gariba ya lulluɓe jikinsa da shi ta sama.

Da safen da sanyin ya sauka, wayar Gariba ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Tahiratu ta kira Barmo, ya bar shago a buɗe ya tafi. Ita ta ba ni labarin abin da suka tarar. Ba tsuntsu, ba motsin ganye, gefen kogin ya daskare ya yi fari. Babu sawun kowa a kan ƙanƙarar sai nasu. Can tsakanin bishiyoyi biyu suka hango wani abu fari, dogo, a naɗe daga kai har ƙafa, yana lilo a hankali alhali ba iska. Igiyar kaɗai ke kuka. Tahiratu ta ce nan take ta fara salati, don ta san abin da ake naɗewa haka.

Barmo bai ɗaga bargon ba. Durƙusawa ya yi ya sa tafin hannu a ƙarƙashin gadon, ya ji ƙyallen gadon tsirara, da bayan mutum a cikinsa mai sanyi kamar ƙarfe. Ya bar hannun a nan yana jira. Can ya ji haƙarƙari ya ɗaga, ya koma.

"Shina numfashi," ya ce. "Kira mota."

Kafin motar asibiti ta iso, dattijon ya tuɓe rigar sanyinsa, ya ɗaure ta a ƙarƙashin gadon da igiyar takalminsa, ya tsaya da 'yar shara a cikin wannan sanyi. Gariba ya rasa yatsun ƙafa biyu, amma ya rayu.

Da Barmo ya je duba shi, Gariba ya harare shi daga kan gado, ya tsokane shi da sunan da ake yi wa mutanen Maraɗi irinsa, ya ce, "Ɗan Faransa, a garinku ƙasa ake rufa wa bargo?"

Barmo ya ce, "A garinmu ba mu kwana rataye kamar jemage."

Ana sallamar Gariba ya koma bishiyoyinsa. Mutane suka ce a ƙyale shi, ya zaɓa wa kansa. Barmo ya ce laifin ba na Gariba ba ne, na ɗinkin ne, don abin da mutum zai iya cirewa wata rana zai cire shi. Ya karɓo gadon, ya ɗinke bargon ƙasan a jikinsa ta gefe-gefe, ya bar audugar ta kumbura yadda take so, sannan ya yi wani daban na rufa, don hannun da ya saba jan bargo ya sami abin ja. Farin yadi kuwa bai sake taɓa shi ba a wannan aiki.

Malam Barmo, kai ne ka ƙi yin gardama da ciwon mutum, ka bi shi har inda yake kwana. Kai ne duk farkon hunturu kake hawa jirgin ƙasa zuwa Bronx, ka durƙusa a ƙarƙashin gadon Gariba da na waɗanda suka zo daga baya suka ɗaura nasu kusa da shi, kana laluben inda iska ta sami kafa. Na Maraɗi, mai allurar rufin asiri, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya bar maka hasken da ya rage a idonka.

Ku kuma teloli na Harlem da Bronx, Barmo ya ce duk mai son koyo ya zo kafin ƙarshen wata, hannunsa na gani ko ido ya gaza. Kada ku ce sai an huce hidimar biki. Ganye ya fara zuba a Soundview, Gariba kuma har yau bai iya shiga ɗaki ba.